Muhawara: Shin Puntland ginshiƙin tarayyar Somaliya ce, ko ƙasa ce a cikin ƙasa?

Baban Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya a kan Somaliya wadda ta daɗe tana ɗaure mini kai, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni sanin yankin. A ranar 31 ga Maris 2024 gwamnatin Puntland, jihar da ke arewa maso gabashin ƙasar, ta sanar cewa ta janye amincewarta da gwamnatin tarayya da ke Mogadishu, kuma za ta ci gaba da tafiyar da al'amuranta ita kaɗai har sai an samar da kundin tsarin mulkin da aka yi ittifaƙi a kansa, aka kuma kai shi gaban jama'a suka kaɗa masa ƙuri'a. Duk da haka ba ta ce ta ɓalle ba, kuma farin tauraron Somaliya yana nan a saman tutarta. Matsayin Somaliland na gane shi, domin tun 1991 ta ce ta raba gari da sauran ƙasar. Amma ita Puntland, ta yaya jiha za ta ce ba ta san da zaman gwamnatin tsakiya ba, sannan ta dage cewa tana cikin ƙasar? Shin wannan ba ɓallewa ba ce aka sauya mata suna?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙullin zai warware maka idan ka riƙe abu guda, wato Puntland ta girmi gwamnatin da take jayayya da ita. An kafa ta a Garowe, babban birninta, a watan Agusta na 1998, shekara bakwai bayan faɗuwar shugaban mulkin soja Siyad Barre, a lokacin da babu wata hukuma a Mogadishu sai madugan yaƙi da suka raba unguwanni a tsakaninsu. Ba wata doka ce ta sauko daga sama ta ƙirƙire ta ba. Masu sarautar gargajiya da dattawa da 'yan kasuwa da tsofaffin 'yan tawaye ne suka zauna kusan wata uku suna tattaunawa, suka tashi da shawarar cewa za su kafa gwamnatinsu a arewa maso gabas, su jira ranar da za a sake gina Somaliya a kan tsarin tarayya, sannan su shiga a matsayin jiha. Saboda haka a wurinsu Mogadishu ba uwa ba ce da ta haife su, abokiyar yarjejeniya ce, kuma wanda ya shiga yarjejeniya da ƙafarsa yana ganin yana da ikon ja da baya idan aka saɓa sharaɗi.

Wannan tunani yana da saiwar da ta wuce 1998 nesa ba kusa ba. Kafin zuwan Turawa akwai daular Majerten a wannan gaɓar teku ƙarƙashin Sarki Usman Mahmud, sannan akwai daular Hobyo da ɗan'uwansa Yusuf Ali Kenadid ya kafa daga kudu bayan sun yi rikicin sarauta. Dukansu biyu sun sa hannu a yarjejeniyar kariya da Italiya a ƙarshen shekarun 1880, amma sun ci gaba da mulkin kansu da karɓar harajinsu, har sai da gwamnatin Mussolini ta murƙushe su da yaƙi tsakanin 1925 da 1927.

Bayan samun 'yanci a 1960 mutanen yankin sun yi ƙarfi a siyasar ƙasa. Shugaba Abdirashid Ali Sharmarke nasu ne, kuma kisan da aka yi masa a Las Anod a ranar 15 ga Oktoba 1969 ne ya buɗe wa Siyad Barre ƙofar juyin mulki bayan kwana shida. Da Somaliya ta sha kashi a yaƙin Ogaden, wasu hafsoshi, akasarinsu 'yan dangin Majerten, suka yi yunƙurin kifar da shi a Afrilun 1978. Yunƙurin ya ci tura, aka harbe da dama daga cikinsu, Kanar Abdullahi Yusuf Ahmed ya tsere ya kafa ƙungiyar tawaye a Habasha, wadda daga baya aka sani da SSDF. Gwamnati ta huce haushinta a kan danginsa a yankin Mudug, inda sojoji suka farfasa tafkunan siminti da makiyaya ke tara ruwan sama, aka bar mutane da dabbobi ga ƙishirwa. Duk wanda ya san cewa a ƙasar raƙuma ruwa shi ne rai, zai gane dalilin da ya sa 'ya'ya da jikokin waɗannan makiyaya ba sa yarda a sake tara dukkan iko a hannun mutum ɗaya a Mogadishu. Jiki magayi.

Tsohon Ɗalibin Kartum:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Zan ɗora da abin da na gani da idona a lokacin da nake karatu a Sudan tare da ɗalibai Somaliyawa masu yawa. Ɗalibin da ya fito daga Hargeisa, babban birnin Somaliland, idan ka kira shi ɗan Somaliya sai ya gyara maka ya ce shi ɗan Somaliland ne, har ransa ya ɓaci. Wanda ya fito daga Bosaso ko Garowe kuwa bai taɓa gyara mini ba, zai amsa cewa shi ɗan Somaliya ne, sannan ya ƙara da cewa daga Puntland. Wannan ɗan bambanci a bakin ɗalibai ya fi mini kowace sanarwar gwamnati bayyana al'amarin.

Sunan ma da gangan aka zaɓe shi. An ɗauko shi daga ƙasar Punt da tsofaffin Misirawa suke zuwa sayen turare, musamman a zamanin Sarauniya Hatshepsut, ko da yake masana suna da saɓani a kan ainihin inda ƙasar take. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne har yau ana tatsar lubban a duwatsun yankin ana fitar da shi waje, kuma bishiyarsa danginta ɗaya da ararraɓi na dajinmu. Sun guji sa wa jihar sunan ƙabila, sai suka nemi sunan da ba na kowa ba.

Ɗan Lauya:
Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya ƙayatar, amma ina ganin an shafa wa labarin mai fiye da kima. Sauya suna bai sauya haƙiƙa ba. Puntland gwamnati ce ta zuri'ar Harti daga cikin ƙabilar Darod, wato Majerten da Dulbahante da Warsangeli da 'yan'uwansu na kusa, kuma an shata iyakarta ne a kan inda waɗannan dangogi suke zaune. Sannan mutumin da aka damƙa wa ita tun farko bai nuna cewa ya yarda da yarjejeniyar dattawan da ake yabo ba. An ba Abdullahi Yusuf wa'adin shekara uku. Da ya cika a 2001 sai ya nemi tazarce, dattawa suka ƙi, suka zaɓi Jama Ali Jama a watan Nuwamba na wannan shekarar, shi kuwa ya dawo da bindiga da goyon bayan Habasha ya ƙwace kujerar a 2002. Mutumin da ya yi tawaye saboda mulkin kama-karya shi ne ya fara taka dokar jiharsa.

Abu na biyu, wannan jiha ba ta taɓa ƙin Mogadishu ba a lokacin da ɗanta ke kan kujera. Ta ƙaurace wa taron sulhun Somaliya na Arta a Jibuti a shekarar 2000 domin gwamnatin da aka kafa a can ba ta yi mata ba. Da aka zaɓi Abdullahi Yusuf shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya a Nairobi a Oktoban 2004, sai aka kwashi mayaƙan Puntland da kuɗinta aka tafi kudu don a kafa shi, kuma a zamaninsa ne sojojin Habasha suka shiga Mogadishu a ƙarshen 2006. A lokacin ba wanda ya ji Garowe tana kukan an tara iko a tsakiya. Ni a ganina kalmar tarayya sanda ce da 'yan siyasar Puntland suke ɗagawa idan sun rasa rabo, su ajiye ta idan sun samu.

Tsohon Ɗalibin Kartum:
Ɗan'uwa, abin da ka faɗa a kan 2001 gaskiya ne, ba mai musun sa. Amma ka tsaya a nan ka ƙi ƙarasawa. Bayan tafiyar Abdullahi Yusuf, an zaɓi Janar Adde Muse a Janairun 2005, wanda a baya ya ɗauki makami ya yaƙi shi Abdullahi Yusuf ɗin kafin su yi sulhu. A 2009 ya sauka aka zaɓi Abdirahman Farole. A Janairun 2014 Farole yana kan mulki, da sojoji da baitulmali a hannunsa, ya faɗi zaɓe da ƙuri'a ɗaya tak, Abdiweli Gaas ya samu 33 shi ya samu 32, ya kuma amince ya miƙa mulki. A 2019 shi ma Gaas ya faɗi, Sa'id Abdullahi Deni ya hau. Ka nuna mini wurare nawa ne a Ƙahon Afirka inda shugaba mai ci zai sha kaye da ƙuri'a ɗaya ya tattara kayansa ya tafi gida. Idan wannan gwamnatin dangi ce, to ta yi abin da gwamnatoci masu manyan kundaye suka kasa.

Maman Haidar:
Ina biye da ku tun farko, amma wannan lissafin 33 da 32 ne ya sa na kasa yin shiru. Malam na Kartum, ka haɗa su ka gani, mutum 65 ne suka yanke wa miliyoyin jama'a hukunci. Majalisar Puntland kujera 66 ce, kuma ba talakawa ke zaɓen masu zama a kanta ba, masu sarautar dangi ne suke miƙa sunaye, sannan waɗannan 66 su zaɓi shugaba. Matan da suke samun shiga ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, domin dattijon dangi ba ya ba mace kujerar danginsa, yana ganin ta 'yar wani gida ce ta auri wani gida, bai san ɓangaren da za ta karkata ba. Alhali matan nan su ne suka riƙe kasuwanni da gidaje a shekarun da maza ke yaƙi.

Sauyin mulkin da kake yabo kuma ba a ɓoye yake ba cewa karɓa-karɓa ce tsakanin rassa uku na Majerten, wato Umar Mahmud da Usman Mahmud da Isa Mahmud. An daɗe ana barin kujerar shugaban majalisa ga Warsangeli, a da kuma ana barin ta mataimakin shugaba ga Dulbahante. Wanda aka haifa a ƙaramin dangi, ko ɗan gudun hijirar da ya zo daga kudu ya shekara ashirin a Bosaso yana biyan haraji, ya san tun yana cikin zanin goyo cewa ba zai taɓa shugabantar jihar ba. Ban ce wannan bai kawo zaman lafiya ba, amma a kira shi da sunansa.

Malamin Tarihi:
Hajiya ta taɓo inda ke ciwo, kuma su kansu mutanen Puntland sun san da ciwon, shi ya sa suka yi ta yunƙurin fita daga tsarin. Farole ya shirya zaɓen ƙananan hukumomi a Yulin 2013, aka soke shi ana gobe za a yi saboda tarzoma. A zamanin Deni aka gwada a gundumomi uku, Ƙardo da Eyl da Ufeyn, a ranar 25 ga Oktoba 2021, mutane suka fito suka yi layi, kowa da ƙuri'arsa, mata ma suka ci kujeru. A ranar 25 ga Mayu 2023 aka faɗaɗa zuwa gundumomi 30. Idan aka cire Somaliland, rabon da a ga irin wannan zaɓe na jam'iyyu a Somaliya tun 1969, saboda haka ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar ta taso ne da aka zo kan babbar kujera. 'Yan adawa suka ce Deni yana so ya yi amfani da gyaran kundi da zaɓen kai-tsaye ne don ya tsawaita zamansa, ya kuma karya karɓa-karɓar da Hajiya ta ambata. A watan Yuni na 2023 aka yi ɗauki-ba-daɗi a cikin Garowe, aka rasa rayuka da dama. Daga ƙarshe aka koma gidan jiya, dattawa suka miƙa sunayen 66, su kuma suka sake zaɓen Deni a ranar 8 ga Janairu 2024. Abin lura a nan shi ne kowane ɓangare yana da gaskiya a bakinsa da son zuciya a cikinsa. Zaɓen kai-tsaye ya fi adalci ga talaka, amma a wurin da mai mulki ke riƙe da hukumar zaɓe da kuɗin tashar ruwa, dattawa suna ganin karɓa-karɓa ce kaɗai tabbacin da suke da shi cewa kujerar za ta zagayo.

Ɗan Gumel:
Ina neman afuwa idan na ɗan kauce. Shin wannan ba irin muhawarar da muke yi ba ce a Najeriya kan rabon iko tsakanin Abuja da jihohi da kuma 'yan sandan jiha?

Malamin Tarihi:
Akwai kama a fuska, amma asali ya bambanta. Jihohinmu gwamnatin tsakiya ce ta yanka su, daga 12 na Gowon a 1967 zuwa 36 na Abacha a 1996, kuma daga Abuja suke karɓar kasonsu duk wata. Puntland kuwa tana da sojojinta da kwastanta da tasharta tun kafin a samu gwamnatin da za ta ba ta kaso. Gwamna a nan yana neman a sakar masa iko ne, shugaba a Garowe kuma ana neman ya saki wanda ke hannunsa. Mu bar kwatancen a nan kada ya ɗauke mu daga kan batu.

Baban Sumayya:
Na ƙaru ƙwarai. To ina batun Las Anod da muka yi ta ji a labarai a 2023? Na ɗauka rikici ne tsakanin Somaliland da Mogadishu, sai kuma na ji ana ambaton Puntland a ciki.

Malamin Tarihi:
A nan ne za ka ga ƙarfin Puntland da rauninta a wuri ɗaya, don haka ku yi haƙuri in ɗan tsawaita. Somaliland tana kafa hujja da takarda. Ta ce ita ce tsohuwar ƙasar da Ingila ta mallaka, wadda ta samu 'yanci a ranar 26 ga Yuni 1960 kafin ta haɗe da ɓangaren Italiya a ranar 1 ga Yuli, saboda haka iyakarta ita ce wadda Turawa suka shata, kuma yankunan Sool da Sanaag suna cikinta. Puntland kuma tana kafa hujja da jini. Ta ce Dulbahante da Warsangeli da ke zaune a gabashin waɗannan yankuna Harti ne, sun halarci taron Garowe na 1998, suna da kujeru a majalisarta, don haka nata ne. Ƙasa ɗaya, ma'auni biyu, kuma babu alƙalin da dukansu suka yarda da shi.

Puntland ta riƙe Las Anod, babban garin Sool, na wasu shekaru, Somaliland ta ƙwace garin a Oktoban 2007. Dulbahante da yawa suka ga cewa Garowe tana amfani da sunansu ne wajen ciniki, ba ta damu da ƙwato garinsu ba, Hargeisa kuma tana so ta ja su zuwa ɓallewar da ba su yarda da ita ba. Sai suka ayyana tasu gwamnatin mai suna Khatumo a 2012 a Taleh, garin da Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, jagoran Darawish da suka yaƙi Turawan mulkin mallaka, ya gina ganuwarsa, wadda jiragen Ingila suka yi wa ruwan bama-bamai a 1920. Zaɓen wannan wuri ba haɗari ba ne, domin Dulbahante su ne ƙashin bayan rundunar Darawish, kuma suna alfahari da cewa ba su taɓa sa hannu a yarjejeniyar kariya da Ingila ba.

A ƙarshen Disambar 2022 aka kashe wani matashin ɗan siyasa a Las Anod, zanga-zanga ta ɓarke, jami'an tsaron Somaliland suka buɗe wuta. A ranar 6 ga Fabrairu 2023 masu sarautar Dulbahante suka bayyana cewa ba sa cikin Somaliland, yaƙi ya kaure na wata shida da ɗoriya, dubban iyalai suka bar garin, har zuwa 25 ga Agusta da aka kori sojojin Somaliland daga sansanin Gojade. Mayaƙa daga dangin Harti na Puntland sun taimaka sosai a wannan yaƙi. Amma da nasara ta samu, mutanen Las Anod ba su koma ƙarƙashin Garowe ba, sai suka nufi Mogadishu kai-tsaye suna neman a san da su a matsayin jiha mai zaman kanta a cikin tarayya, gwamnatin shugaban Somaliya Hassan Sheikh kuma ta karɓe su hannu bibbiyu. Hujjar da Puntland ta yi amfani da ita a kan Mogadishu, cewa dattawa ne suka shigo da ƙafarsu kuma suna iya fita, ita ce aka juya mata.

Ɗan Lauya:
Madalla, Malam da kansa ya kawo mini hujjata. Jihar da aka gina a kan dangantaka ba ta da iyaka tabbatacciya, domin duk ranar da wani reshe ya yi fushi zai yanke nasa yankin ya tafi. Ku dubi Galkayo, gari ɗaya gwamnati biyu, arewa Puntland, kudu jihar Galmudug, rabon da ya samo asali tun yarjejeniyar 1993 tsakanin Abdullahi Yusuf da madugun yaƙi Janar Aidid, kuma an sake gwabzawa a can a 2015 da 2016.

Ga kuma tambayar da masu yabo ba sa son a yi. Idan Puntland ta kafu kamar yadda ake faɗa, me ya sa gaɓarta ce ta zama matattarar 'yan fashin teku tsakanin 2008 da 2011? Eyl da Gara'ad ba a Mogadishu suke ba. Rahoton masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 ya zargi wasu manyan jami'an jihar da cin moriyar kuɗin fansa, ko da yake gwamnati ta musanta. Kuma me ya sa a duwatsunta ne Abdulƙadir Mumin ya yi mubaya'a ga Da'ish a 2015, har mayaƙansa suka riƙe garin Ƙandala na wasu makonni a ƙarshen 2016? A Disambar 2021 ma rundunoni biyu na ita gwamnatin ne suka buɗe wa juna wuta a tsakiyar Bosaso, saboda wani kwamanda ya ƙi sauka da aka sauke shi.

Tsohon Ɗalibin Kartum:
Duk abin da ka lissafa ya faru. Sai dai fashin teku ya samo asali ne daga rashin gwamnatin ƙasa da za ta tsare ruwanta, inda manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje suka yi ta kwasar arzikin gaɓar ba mai ce musu uffan, kafin 'yan ta'adda da masu zuba jari a fashi su mayar da abin sana'a. Kuma an kawo ƙarshen mafi yawansa ne da haɗin abubuwa da dama: jiragen yaƙin ƙasashen waje, masu gadi da makamai a cikin jiragen kasuwanci, rundunar tsaron teku da Puntland ta kafa a 2010 da kuɗin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da kuma limamai da dattawan garuruwan da suka fito suka ce kuɗin haram ne, ya kawo musu giya da tsadar rayuwa. Da'ish kuma, wa ya hau duwatsun Al Miskad ya yaƙe ta tun ƙarshen 2024? Sojojin Puntland ne, da taimakon jiragen Amurka da na Daular Larabawa ta sama. Ba rundunar tarayya ba ce, ba kuma dakarun Tarayyar Afirka ba, waɗanda ba a taɓa girke su a Puntland ba. Mogadishu kuwa tun 2007 sojojin ƙasashen Afirka ne ke taya ta tsaron fadar shugaban ƙasa.

Maman Haidar:
Ku biyun kuna ta zagaye abin da ke tsakiyar rikicin, wato kuɗi. Tashar Bosaso ita ce saniyar tatsar gwamnatin, ta nan ake fitar da awaki da tumaki da raƙuma zuwa ƙasashen Larabawa, musamman gab da aikin Hajji, ta nan kuma kaya ke shigowa. A 2017 Puntland ta ba wani kamfani na Dubai kwangilar tafiyar da tashar na shekara 30 ba tare da ta jira izinin kowa ba, sannan a 2022 aka buɗe sabuwar tasha a Gara'ad da kuɗin 'yan kasuwar yankin. Duk kundin da zai ce kwastan da yarjejeniya da ƙasashen waje da albarkatun ƙasa na gwamnatin tarayya ne, yana nufin a ɗauke wa Garowe tukunyarta. Ita ma Mogadishu da kuɗin tasharta da filin jirginta take rayuwa, kuma ba ta nuna wa kowa yadda za a raba ba.

Ɗan Lauya:
Hajiya ta yi gaskiya a kan kuɗi, amma bari in mayar da mu kan tambayar farko ta fuskar doka. Kundin da Somaliya ta amince da shi a Agustan 2012 na wucin gadi ne, kuma manyan ƙa'idojinsa an tsara su ne a taruka biyu da aka yi a Garowe a Disambar 2011 da Fabrairun 2012. Puntland ta sa hannu sosai a rubuta shi, kuma an bar batutuwa masu zafi, irin su rabon arziki da matsayin Mogadishu, ba a yanke ba. A ranar 30 ga Maris 2024 majalisar tarayya ta amince da gyaran babi huɗu na farko, wanda ya kawo zaɓen shugaban ƙasa kai-tsaye, ya kuma ba shugaban ikon naɗa firaminista da sauke shi. Washegari Puntland ta fitar da sanarwar da Baban Sumayya ya fara da ita. Na yarda cewa an yi gaggawa, kuma gyara irin wannan ba tare da babbar jiha a teburi ba kuskure ne. Amma ku lura da abin mamaki: Deni da ya kai Garowe bakin yaƙi a 2023 saboda zaɓen kai-tsaye, shi ne yake ƙin tsarin da Mogadishu ta kawo a 2024 mai ɗauke da zaɓen kai-tsaye. Kada kuma a manta ya tsaya takarar shugaban ƙasa a Mayun 2022 ya faɗi, kuma tun Janairun 2023 ya fara janye jiki daga taron shugabannin tarayya da na jihohi. A doka babu wani abu mai suna janye amincewa na ɗan lokaci. Ko kana cikin ƙasa, ko ba ka ciki.

Malamin Tarihi:
A littafin doka haka ne, Lauya, amma dokar tana buƙatar kotun tsarin mulki da za ta fassara ta, kuma Somaliya ta shafe shekaru bayan 2012 ba ta kafa wannan kotu ba. Idan babu alƙali, kowa sai ya koma ga abin da ya gada, wato dokar gargajiya da suke kira heer, inda dangi biyu ke ƙulla alkawari, kuma idan ɗaya ya ga an saɓa sai ya tashi daga gindin bishiya har a zo a ba shi haƙuri. Tashi daga zama ba yanke zumunci ba ne. Puntland ta sha yin irin wannan fushin, ta yi a 2013 a zamanin Farole, daga baya aka sasanta.

Dalilin da ya sa nake ganin ba za ta bi sawun Somaliland ba kuwa a fili yake. 'Yan ƙabilar Isaƙ na Somaliland mafi yawansu a dunƙule suke a wuri ɗaya, kuma abin da suke tunawa shi ne ruwan bama-baman da aka yi wa Hargeisa a 1988. Harti kuwa suna da 'yan'uwa da dukiya a Kismayo da sauran kudu, kuma sun saba da manyan kujerun ƙasa. Sun fitar da shugaban ƙasa a 1967 da 2004, Umar Abdirashid Sharmarke ya yi firaminista sau biyu, Gaas ma ya yi firaminista kafin ya dawo ya mulki jihar. Wanda yake ganin yana da gado a gida ba ya cire ɗakinsa ya kai daji, sai dai ya rufe ƙofarsa ya ce ba zai fito ba sai an sake rabo.

Maman Haidar:
Allah ya gafarta Malam, na yarda ba za ta ɓalle ba, amma kwatancen gado ya bar waɗanda ba a kira su wurin rabon ba. Mutanen da suka yi layi a Ƙardo da Eyl da Ufeyn a 2021 sun riga sun ɗanɗana ƙuri'a, kuma katin rajistarsu yana hannunsu. Wa'adin Deni na shekara biyar zai cika a Janairun 2029. Tambayar da nake so Lauya da Malam na Kartum su amsa mini, kowa daga ɓangarensa, ita ce wa zai zaɓi wanda zai gaje shi, masu katin nan ko mutum 66, kuma idan 66 ɗin ne, su wa za su zauna a kujerun da aka ware wa Dulbahante tunda masu sarautarsu sun juya fuska zuwa Mogadishu?